Kafintan da Ya Cire Ƙyauren Ɗakin 'Yarsa

Yayana kafinta ne, kuma in ana neman mutumin da zai haɗiye mugun labari ya bar shi ya ruɓe a cikinsa, to ga shi nan. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara tsakaninmu, don haka babu wanda zai gaya mini halinsa. Ina sonsa. Amma yau shekara guda ke nan ina jin haushinsa, kuma ban ga alamar hucewa ba tukuna.

Tun yana koyon sana'a haka yake. Ranar da zarto ya datse masa kan ɗan yatsa, naɗewa ya yi da tsumma, ya ƙarasa kujerar da ke gabansa, ya dawo gida ya zauna cin abinci da hannu ɗaya a aljihu. Sai da jini ya ɓullo ta wando mahaifiyarmu ta gani. Ta tambaye shi don me bai faɗa ba, ya ce kar hankalinta ya tashi. Da na faɗi jarrabawa, shi ya karɓo sakamakon, ya jefa takardar cikin akwatin ƙusoshi sati biyu, ni kuwa sakarya ina yawo ina gaya wa ƙawaye na ci. Da mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali, Yaya likitoci suka gaya wa, yana ɗan shekara ashirin, shi kuma ya shigo ɗaki da murmushi ya ce an ce sauƙi na tafe. Dangi suka yi ta yabonsa, wai yaro mai zurfin ciki, wai namijin duniya. Yabon nan ne ya lalata shi.

Shagonsa na ƙarshen wani layi, tsakanin mai faci da mai gyaran firji. Rumfar kwano ce, da dogon teburin aiki da shekaru suka cinye wa gefe, garin katako har idon sawu. Kullum da fensir a bayan kunnensa da tef na awo a ƙugu. Ba ya yanka katako sai ya auna sau uku, abin da ya sa maƙwabtansa ke kiransa Sau-Uku, shi kuma ko a jikinsa. Gadon da ya haɗa ba ya ƙara, tebur ɗinsa ba ya rawa. In dai itace ne, Yaya ya san gaskiyarsa kuma yana faɗa wa mai shi ba kwana-kwana: wannan ya sha ruwa, wannan gara ta shige shi, kar ka ɓata lokacinka. Mutane ne kawai yake ganin ba za su iya ɗaukar gaskiya ba.

Matarsa tela ce, kekenta na cikin falo kusa da taga. Anti nake ce mata. Mace ce da ta haifi 'ya'ya uku ba a ji kukanta ba, ta binne iyayenta biyu cikin shekara ɗaya ta koma kan keke bayan sati. Ku riƙe wannan, don ita ce matar da aka ce ba za ta iya jin magana ba.

Babbar 'yarsu muna kiranta Balbela, saboda dogayen ƙafafu da fararen kayan makaranta. Tana shekara goma sha uku farfaɗiya ta fara kama ta. Na farko a bakin famfo, da safe, tana wanke baki. Na biyu a aji. Aka kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka ɗora ta a kan magani, ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma. Ranar da aka sallame su, Anti na ciki tana ɗaure wa yarinyar takalmi, likitan ya yafito Yaya zuwa baranda.

Abin da ya gaya masa bai kai minti biyu ba. Ya ce akwai masu wannan ciwo da ke kwanciya barci lafiya ƙalau, a wayi gari babu su, ba tare da sun faɗa wuta ko ruwa ba. Ya ce a kula. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai namiji ne, shi ya sa na gaya maka. Kar ka gaya wa uwar, mata ba sa iya riƙe irin wannan." Aka kira shi wani ɗaki, ya wuce yana duba agogo.

Shi ke nan fa. Bai ce masa abin ba kasafai yake faruwa ba. Bai ce masa ga abin da ke ƙara haɗarin, ga abin da ke rage shi ba. Ya ɗora wa mutum dutse a ka, bai ba shi ko gammo ba. Ban san sunan likitan nan ba, kuma gara da ban sani ba. Na sha zama ina tsara abin da zan gaya masa in mun haɗu, kuma babu kalma ɗaya a ciki da za a iya maimaitawa gaban yara. A duk garin nan, ya rasa wanda zai ce wa "ka ɓoye" sai Yaya, mutumin da ɓoyo ne abincinsa.

To me kafinta zai yi da tsoro? Ya ɗauko guduma. Ya yanke ƙafafun gadon Balbela har ya kusa taɓa ƙasa. Ya goge duk wata kusurwa mai kaifi a ɗakin. Ya kwashe filo ya ce yana kawo ciwon wuya. Ya hana ta kwana gidan kowa, har gidana. Ya hana ta barcin rana, in kuma ya kama ta ta yi, sai ya tsaya a kanta yana kallon ƙirjinta har ta farka ta gan shi ta tsorata. Yana tsakar aiki zai ajiye zarto ya hau keke ya je gida ya leƙa, ya dawo, sau uku sau huɗu a yini. Ya rame. Mutumin da ke zolayar kowa a layi ya koma ba ya amsa gaisuwa sai an maimaita.

Anti ta yi ta haƙuri shekara biyu da wani abu. Abin da ya ƙure ta shi ne ƙyaure. Wata Asabar ta dawo daga kai ɗinki, ta tarar ya kwance ƙyauren ɗakin yarinyar gaba ɗaya ya jingine a tsakar gida. Budurwa mai shekara goma sha shida, ga ƙanne maza biyu suna kai da kawowa, an bar ta da labule kawai.

Ta zo gidana ko mayafinta bai zauna daidai ba. Ta ce, "Gwaggon yara, ki je ki ji abin da ke damun yayanki. Ko dai kansa ya taɓu, ko kuma zargin yarinyar nan yake da wani abu. In zargi ne ya fito ya faɗa. Ni na gaji. Na tambaye shi ya fi sau ɗari, sai ya ce iska yake so ta riƙa shiga."

Na tafi shagon da niyyar in wanke shi tas. Na same shi yana goge wata ƙafar tebur da ta riga ta yi sumul. Na fara, na yi nisa, har mai faci ya leƙo. Yaya bai ɗago ba. Da na ce masa matarsa na shirin tattara kayanta, sai ya ajiye katakon ya zauna a ƙasa cikin garin katako, ya gaya mini maganar baranda. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce, "Kullum da safe sai na tsaya a bakin ɗakin ina sauraro kafin in shiga. In ƙyauren na rufe ba na jin numfashinta."

Tausayi ya kama ni, kuma a nan na yi nawa kuskuren. Ya ce in rantse ba zan gaya wa Anti ba, na rantse. Na koma na ce mata ta yi haƙuri, tsoron faɗuwar yarinyar ne kawai yake yi. Ta dube ni irin kallon da take wa yadin da aka ce mata mai tsada ne alhali ta san ba haka ba, ta ce to. Wata takwas na riƙe maganar. Ni ma na fara ramewa, na fara kiran gidan da sassafe ina tambayar ko sun tashi lafiya, har Anti ta ce ciwon na dangi ne ashe.

Sai lokacin jarrabawar ƙarshe ta sakandare ya zo. Wata ranar Laraba da la'asar na biya gidan, na shiga kicin neman ruwa. Anti na tsaye a gaban teburin kicin, ta ɗora ƙwayar maganin Balbela a kan faranti, ta sa wuƙa ta raba ta biyu. Ta mayar da rabi cikin kwalba.

Na ce, "Anti, me kike yi?"

Ta ce, "Rufa mini asiri, kar babanta ya ji. Maganin nan kashe mata jiki yake, tana buɗe littafi sai gyangyaɗi. Tun da aka fara jarrabawa rabi nake ba ta, na safe ma wani lokaci in bar shi. Ai wata bakwai rabonta da faɗuwa. In an gama sai mu koma."

"Kwana nawa ke nan?"

"Yau sha tara."

Ban san komai game da magani ba, amma ko ni na san ba a wasa da shi haka. Abin da ya fi ƙona mini rai, matar nan ba sakaci take yi ba. A saninta, mafi munin abin da zai faru shi ne yarinyar ta faɗi, ta ciji harshe, ta tashi da ciwon kai, kamar yadda aka saba. Ta auna wannan da jarrabawar da za ta buɗe wa 'yarta gaba, ta zaɓa. Da abin da aka ba ta ta yi awo. Shi yana can yana yanke ƙafar gado, yana kwance ƙyaure, kwalbar magani kuwa tana hannun wadda ya bari cikin duhu.

Na karya rantsuwar a tsaye a wurin, ban ko zauna ba. Na tanadi hannuwana in tare ta in ta sulale, tun da an ce mata ba sa iya riƙewa.

Ba ta sulale ba. Ta ajiye wuƙar. Ta buɗe kwalbar ta zazzage, ta tsince rabi-rabin nan ta jera a faranti tana kallo. Ta ɗauki ƙwaya guda cikakkiya ta kai wa Balbela ɗaki da kofin ruwa, ta tsaya har ta haɗiye. Sannan ta ɗauki mayafi da farantin ta ce mini, "Mu je."

A ƙafa muka je shagon, ina bin ta da sassarfa. Yaya na tare da wani mai sayen kujeru. Ta ce wa mutumin, "Bawan Allah, yi haƙuri ka dawo gobe." Ya dubi fuskarta sau ɗaya ya kama gabansa.

Ta ajiye farantin a kan teburin aiki. Ta ce, "Baban Balbela, ka san mene ne wannan?"

Ya dubi farantin, ya dube ni, ya gane. Ya ce, "Ke, ba ki rantse ba?"

Anti ta ce, "Kar ka kalle ta, ni za ka kalla. Kwana goma sha tara ina rage wa 'yata magani da hannuna. Da hannun nan. Da an wayi gari babu ita, me za ka ce mini? Za ka ci gaba da ɓoyewa ne, ko a ranar za ka gaya mini ni na kashe ta?"

Ya ce, "Don kar hankalinki ya tashi ne."

"Hankalina? Shekara uku ina kwana da tunanin mijina ya haukace. Na yi tunanin zargin 'yarka kake. Na yi tunanin ni ka tsana. Wane kwanciyar hankali ka ba ni? Ni na ɗauki cikinta, ni nake juya ta gefe in ta faɗi, ni nake wanke zanin in ta jiƙa shi, ni nake ba ta magani safe da yamma. Sai dalilin maganin ne ya fi ƙarfina? Kai da wani ƙato kun tsaya a baranda kun yanke mini abin da zan iya ɗauka, ko tambayata ba ku yi ba."

Yaya ya ɗauki rabin ƙwaya ɗaya yana juyawa a tafin hannu. Na so in ji tausayinsa, amma ban samu wurin ajiye tausayin ba. Sai ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma, wata takwas. Kina shiga gidana kina shan ruwana."

Washegari ta tasa mu gaba, ni da shi, har asibiti. Likitan baranda an ce ya bar wurin tuni, Allah ya taimake shi. Wata ma'aikaciyar jinya muka samu, babbar mace mai furfura, wadda ke kula da masu farfaɗiya. Anti ta ce mata, "Ki gaya mini duka, kar ki rage komai, kuma ki kalle ni in kina faɗa."

Matar ta ja kujera ta zauna. Ta ce gaskiya ne, yana faruwa, kuma ba za ta ce musu ba zai taɓa faruwa ba. Amma ba kasafai ba ne, mafi yawan yara irin Balbela suna girma, su yi aiki, su yi aure, su tsufa. Ta ce haɗarin ya fi yawa ga wanda ke yawan babbar faɗuwa mai jijjiga, musamman cikin barci, kuma babban abin da ke hannun iyaye shi ne magani a kan lokaci, ba tsallakewa, ba ragewa sai da sanin likita. In magani na sa gyangyaɗi, a zo a faɗa, akwai yadda ake gyarawa. Ta amsa tambayoyin Anti ɗaya bayan ɗaya, wajen minti arba'in, ba ta duba agogo ko sau ɗaya ba.

Ina kallon Yaya. Kafaɗunsa suka sauko a hankali kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya ce da ƙaramar murya, "Ni na ɗauka kowace safiya rabi da rabi ne, ko ta tashi ko ba ta tashi ba." Shekara uku mutumin nan na rayuwa da wannan lissafi, kuma minti arba'in sun isa su gyara shi. Wannan ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Anti ta yi kuka a ranar, ba na musu. Ta yi kwana biyu ba ta taɓa keke ba. A na uku ta tashi ta sa ƙararrawar waya ta lokacin magani, ta koma ɗinkinta.

Kafin mu fito, ma'aikaciyar ta tambaya, "Ita yarinyar fa, an gaya mata?"

Yaya ya zabura. "A'a, yarinya ce, kar hankalinta..."

Anti ta juyo ta dube shi. Bai ƙarasa ba.

Ranar da Balbela ta rubuta takarda ta ƙarshe, bayan ta dawo ta ci abinci, suka zaunar da ita a falo. Ni ma ina nan, a kan kujerar keken ɗinki. Anti ce ta yi maganar, a tsanake, yadda aka yi mata. Yaya na gefe ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi, ya shirya ganin 'yarsa ta rushe.

Balbela ta saurara har ƙarshe tana wasa da bakin siket. Sannan ta ce, "Ai na sani."

Anti ta ce, "Tun yaushe?"

Balbela ta ce, "Tun ina aji uku na ƙaramar sakandare. Na rubuta sunan maganina a wayar ƙawata, na bi na bi har na ga an ce ana mutuwa cikin barci. Sai aka kaɗa ƙararrawa ta karɓe wayarta. Ban sake dubawa ba, tsoro nake ji."

Anti ta ce, "Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Kar hankalinki ya tashi, Mama."

Na ga Yaya ya runtse ido.

Ta ci gaba, muryarta ba ta ko rawa. "Na ga lokacin da kike raba ƙwayar. Ban ce komai ba, na ɗauka da rabi da guda duk ɗaya ne, tun da dai tafiya zan yi. Ni a lissafina ba zan kai ashirin ba." Ta ɗago ta dubi uwarta, sannan ubanta. "Da gaske matar ta ce ana tsufa da shi?"

Yaya ya gyaɗa mata kai.

Sai ta jawo jakar makarantarta, ta laluba can ƙasa, ta fito da wata takarda da ta yamutse ta yi laushi don daɗewa. Ta ce, "Fom ɗin neman jami'a ne. Wata biyu yana nan, na ga ba amfani in cika. Jibi ake rufewa."

Yaya ya sa fuskarsa cikin tafukan hannunsa, kafaɗunsa na girgiza. Ba wanda ya lallashe shi. Anti ta karɓi takardar, ta shimfiɗa a kan teburin keke, ta bi ta da tafin hannu har ta miƙe. Ta ce wa 'yarta, "Ɗauko biro."